Hayaƙin Gidan Hindu

A shekarar da aka kulle gari saboda korona, mutanen Tudun Ɗinya, wani ɗan ƙauye a gefen garin Taba, ba su yarda akwai wata cuta ba. Abin da suka sani shi ne an hana su kasuwar Makarfi, an rufe masallacin Juma'a, an toshe hanyar Kano, tumatir yana ruɓewa a kwando. Duk wanda ka taɓa sai ya zagi hukuma har ya gaji, ya ce cutar masu hawa jirgi ce, ina ruwanta da mai cin tuwon dawa. Salla kuwa a zauren Malam Abdulƙadir ake yin ta a ɓoye, kafaɗa da kafaɗa, an saki tabarma a ƙofa. Kasuwa ta koma bayan makarantar firamare, a ci ta da sassafe a watse kafin motar jami'ai ta taso daga Hunkuyi.

Sai dai wannan rashin yarda iyakarsa bakin iyakar Kano. Tunda labari ya soma zuwa ta waya cewa dattawa suna ta faɗuwa a birnin, har masu haƙan kabari sun gaji, sai cutar da babu ita a duniya ta zama tana jikin duk wanda ya fito daga can. Mutum zai rantse maka da safe ƙarya ce, da yamma ya hango baƙuwar mota ya kora iyalinsa cikin gida. Kada ka tambaye shi yadda aka yi maganganun biyu suka zauna a baki ɗaya, faɗa za ku yi.

Hindu matar Sama'ila tana cikin masu zagin kullen da babbar murya, amma ita ba tumatir ne damuwarta ba. 'Yarta ta fari, Mukarrama, tana aure a Kano, a ɗaki ɗaya na haya, ga tsohon ciki, kuma cikin fari. Al'ada sananniya ce: haihuwar fari a gidan iyaye ake yi, a yi wa mai jego wankan kwana arba'in safe da yamma da tafasasshen ruwa da ganye, sannan a mai da ita ɗakinta tana sheƙi. Mijin, Uwaisu, tela ne, mahaifiyarsa ta rasu, gidan hayar kuwa ruwan sha ma sai an saya a wurin 'yan garuwa. To wa zai dafa mata tukunya?

Hindu ba ta ɗauki wankan nan wasa ba. Ƙanwarta Halima a cikin jego ta rasu, ƙafa da fuska a kumbure, tsofaffin gidansu suka ce sanyi ne ya shige ta saboda an yanke mata wanka. A kan cinyar Hindu ta cika. Tun daga ranar, ka ce wa Hindu korona tana kisa sai ta taɓe baki, amma ka ce mata mai jego ta wuni babu wanka, nan take za ka ga idonta ya canza.

Sunan 'yar tata ma ba ta faɗa. 'Yar fari ce, kunya ta hana, tunda aka raɗa mata shi bai taɓa fita daga bakin uwar ba. "Yarinyar nan" take cewa, ko "ta Kano." A shirin da aka yi tun ciki yana ƙarami, ba ma ita za ta yi wankan ba. Jamila ce za ta yi, matar Malam Abdulƙadir, ungozomar ƙauyen kuma aminiyar Hindu tun suna amare. Jamila ce ta yanke wa Mukarrama cibiya, ita ta goya ta. A ƙofar gidansu kuma rijiyar unguwar take, wadda ko a tsakiyar bazara ba ta ƙafewa.

A bakin rijiyar nan Hindu ta fara taɓa mata maganar, ana sauran kwanaki kaɗan a ɗauki azumi.

"Jamila, watan yarinyar nan fa ya kama."

Jamila ta tsaya da jan guga. "Ki bar ta inda take, Hindu. Allahn da yake nan shi yake can. Kin dai san Malam, ga suga ga asma, ƙurar sussuka ma kwantar da shi take yi. Wallahi ko 'yar cikina ce ta taso daga Kano yanzu, a bakin gari zan tare ta."

"Au, yau kuma akwai cutar? Jiya ba ke kika ce ƙaryar 'yan boko ba ce?"

"Na ce. Amma ba da mijina za a gwada ba."

Hindu ta ɗauki tulunta ta tafi. A ranta kuwa ta riga ta gama shawara. Ta tsaya wa Sama'ila kai da fata, shi kuma mutum ne da bai iya dogon musu ba, ya yi ta cewa a duba dai, a duba dai, har ya gaji ya ce Allah ya rufa asiri. Uwaisu ya samo motar kayan abinci da ta rage wa matarsa hanya zuwa kusa da iyaka. Daga nan Mudathir, ɗan wan Hindu, wanda tun da aka toshe titi yake cin abinci da hanyoyin daji a kan babur, ya ɗauko ta ya biyo bayan Makarfi. Da tsakar rana suka iso, lokacin da azumi da zafi suka kwantar da kowa. Gidan Sama'ila shi ne na ƙarshe ta wajen gonakin rake, don haka daga cikin raken suka ɓullo, Mukarrama ta shige ta ƙofar baya, ko akuya ba ta gan ta ba.

Hindu ta dube ta sau ɗaya, ta ga ƙafafunta sun yi nauyi, fuskarta ta yi fari da ƙura, sai ta kau da kai ta ce, "Ke, shiga ciki. Kada na ji ko tarinki a tsakar gida."

"To, Inna."

Ba a daɗe ba naƙuda ta zo, da rana tsaka. Babu Jamila, babu kowa, Hindu ta ajiye kunyar da ta riƙe tun haihuwar yarinyar, ta durƙusa ta karɓi haihuwa da hannunta. Namiji ne, mai murya kamar ya san ba a so a ji shi. Sama'ila da ke zaure ya murɗa rediyo har ƙarshe, aka yi ta rera waƙar wanke hannu da sabulu a kan kukan jariri. Dabarar ta yi, don babu wanda ya taɓa mamakin ƙarar rediyon Sama'ila.

Da aka natsa ya kira matarsa gefe, yana magana ƙasa-ƙasa.

"Hindu, tunda Allah ya sauke ta lafiya, a bi a hankali. A riƙa ɗumama ruwa a buta tana gasa jikinta a ɗaki, har gari ya lafa."

"A buta? Maigida, Halima ma da buta aka fara mata."

"Ba na ce a fasa ba ne. Na ce a saurara."

"Sanyi ba ya saurarawa. In don buta ce, me ya sa na ɗauko ta daga Kano?"

Washegari da hantsi ta girka rabin duro a kan duwatsu, ta cika shi da ruwa, ta zuba ganyen dogon yaro, ta cusa manyan itatuwa ta hura. Ta yi tunanin ƙofa, ta yi tunanin kuka, ta yi tunanin tsummokaran da za a shanya, duk ta samo musu dabara. Abu ɗaya ne ya kwanta mata, kuma shi ne wanda ko makaho sai an ba shi labari: ana cikin azumi. A watan azumi babu gidan da ke hura wuta da hantsi. Ƙauyen duka a kwance yake, sama tas, sai ga hayaƙi mai kauri ya miƙe daga gidan Sama'ila kamar ana kiran mutane su zo su gani.

Mukarrama ta zauna a kan turmi, uwar ta tsoma damin ganye a ruwan tana fyaɗa mata a baya da ciki, tana ihu tana cewa "Inna, da zafi!" Hindu tana cewa "Zafin ake nema, zauna." A wannan lokacin ran Hindu fari ƙal yake. Ta ji ta yi abin da uwa take yi, kowa ma ya mutu.

Ta yi na safe, ta yi na yamma, ta sake yin na safe. Da ta je rijiya ɗiban na gaba, sai ta tarar da Jamila a tsaye, babu guga a hannunta.

"Hindu, azumin kika ajiye ne?"

"Me kika gani?"

"Hayaƙi na gani da hantsi, jiya da yau. Ga dogon yaron bayan gidanku an yi masa aski. Ga ki kina ta safarar ruwa kamar mai gini, ku biyu rak a gida." Ta matso taku ɗaya, ta rage murya. "Ni za ki ɓoye wa tukunyar jego? Mace ko namiji?"

Hindu ta so ta yi ƙarya, amma bakinta ya ƙi. "Namiji."

Sai da fuskar Jamila ta washe, har ta buɗe baki za ta yi guɗa. Sannan ta tuna. Ta ja da baya, ta kai gefen mayafinta hanci, ta dubi igiyar gugar da ke hannun Hindu, wadda duk matan unguwar suke kamawa.

"Kin cuce mu, Hindu. Da wannan hannun kike taɓa ta, da shi kike taɓa mana igiya, da ruwan nan nake dama wa Malam kunu."

"Lafiyarta ƙalau! Ko atishawa ba ta yi!"

"Haka na Kanon suka ce kafin a kai su."

Kafin la'asar magana ta zaga ƙauyen. Aka samo fallen kwano aka rufe rijiya, aka ɗaura sarƙa aka danna kwaɗo, makulli a hannun Jamila. Mai unguwa ya zo da dattawa, suka tsaya can nesa da ƙofar gida cirko-cirko, aka ƙwala wa Sama'ila kira. Ya fito ya yi sallama ya miƙa hannu kamar yadda ya saba, hannun ya tsaya a iska babu wanda ya karɓa. Mutanen nan fitowarsu ke nan daga zauren Malam, inda suka matse juna a sahu har gumin wani yana ɗiga a kan wani.

"Sama'ila," in ji mai unguwa, "ba mu zo da faɗa ba. Amma kai da iyalinka kada wanda ya ƙara taɓa rijiya, kada ka zo jam'i, kada a gan ku a kasuwa. Kun shigo mana da abin da ba mu san kansa ba."

Sama'ila ya sunkuyar da kai ya ce, "To, ranka ya daɗe." Hindu kuwa daga cikin zaure ta ɗaga murya yadda har na bayan layi za su ji.

"A gaya wa dattawan, wace kasuwa? Wadda hukuma ta hana? Wane jam'i? Ashe doka tana da daɗi in a kan wani za ta hau!"

Dattawan suka juya, kowa yana kakkaɓe riga kamar maganar ma tana ɗauke da cutar.

Ta ce ko za ta mutu ba za a yanke wankan nan ba. A fadama, can ƙasan gonakin rake, akwai ramukan da masu ban ruwa suke haƙawa, ruwansu ja-ja ne, sai ya kwanta ake iya amfani da shi. Nan ta koma. Sama'ila yana tura jarkoki a baro in ya samu sarari daga gona, sauran kuwa a kanta take ɗaukowa, da bakin azumi, cikin zafin da ke sa ƙasa ta ƙona tafin ƙafa. Wuyanta ya sage, diddigenta ya tsattsage. In ta haɗu da mata a hanya sai su faɗa cikin kunyoyin gona su ba ta wuri, suna toshe hanci. Aka sa wa gidan suna, gidan korona. Wata rana Sadiya mai ƙosai, wadda Hindu ta yi wa rakiya asibitin Hunkuyi sau ba adadi, ta ce da ƙarfi don ta ji, "Wasu dai ba sa tsoron Allah, a kan wanka za su ƙarar da gari." Hindu ta sauke tulu ta wanke ta tas, tun daga auren fari har na yanzu, sannan ta ɗauka ta wuce. Da ta shiga gida ta tsaya a bayan rumbu ta share hawaye, don kada yarinyar ta gani.

Babu wadda ta zo barka. Ranar suna ta zagayo, Malam ya aiko daga nesa cewa ba zai samu zuwa ba, wanzami ya ce aska ta ɓata. Sama'ila ya yanka ragon shi kaɗai, ya ɗauki jikansa ya raɗa masa Muhammadu Auwalu, ya yi addu'a, mata biyu suka ce amin. Ba guɗa, ba maroƙi, ba kowa, sai rediyo.

Duk da haka ya ce haƙƙin maƙwabci yana nan. Ya kasa naman, ya ƙulla a leda, ya bi gida-gida yana ajiyewa a bakin ƙofa don a samu na buɗa-baki. Kafin a kira magariba naman ya dawo. Wasu sun jefo shi ta kan katanga, wasu sun zubar a ƙofar gida shaho yana ta shawagi. Kason ungozoma, wanda Hindu ta zaɓa da hannunta duk da ba Jamila ce ta karɓi haihuwar ba, da sanda aka turo shi har bakin zaure. Mukarrama tana leƙe ta kafar ƙyaure, ta ga sandar, ta kuma gane hannun da ke riƙe da ita.

"Inna, Gwaggo Jamila ce fa," ta ce.

"Na gani. Koma ciki, iska za ta buge ki."

Bayan suna da 'yan kwanaki aka yi ruwan farko, da iska mai ƙarfi da ta ɗebo ƙurar bazara duka ta watsa a ɗakuna. Gari na wayewa sai ga Jamila a ƙofar gida, ba sallama, idanunta jawur.

"Hindu! Fito ki ji! Malam ya kwana a zaune, numfashi yana gagararsa, tari kamar ƙirjinsa zai tsage. Hankalinki ya kwanta?"

Hindu ta fito da ludayi a hannu. "Asmarsa ce! Wace shekara ce ruwan farko bai kwantar da shi ba? Bara ba ni na kawo miki man zafi ba?"

"Bara babu 'yar Kano a unguwar nan."

"Ko inuwarta ya gani? Mutum nawa suke numfashi a fuskarsa a zaure kullum?"

"Su 'yan gari ne!" Jamila ta fashe da kuka, kukan tsoro na gaske, ba na makirci ba, wannan ko Hindu ta sani. "Wallahi in mutumin nan ya cika, ke da Allah. Ban yafe ba, Hindu, ban yafe ba!"

Da rana mai unguwa ya dawo, wannan karon da samari riƙe da sanduna a bayansa. Ya ce magana ɗaya ce: ko baƙuwar ta bar ƙauyen zuwa gobe, ko ya buga waya Hunkuyi a zo a ɗauke ta a kai ta Kaduna a killace. Wani daga baya ya ƙara da cewa a can raba uwa da jariri ake yi, kowa ɗakinsa daban. Babu wanda ya san mutum ɗaya da aka yi wa haka, amma kowa ya gyaɗa kai kamar a gabansa aka yi.

"Baƙuwa?" in ji Hindu. "A ɗakin can aka binne cibiyarta! Su zo ɗin. Duk wanda ya tsallako zauren nan, da ruwan duron can zan tarbe shi."

Da yamma ta hura wuta kamar babu abin da ya faru. Mukarrama ta zauna a kan turmi, ganye yana sauka a bayanta, yau ko uffan ba ta ce don zafi ba. Idonta yana kan ƙafafun uwarta, inda faso ya buɗe har yana fitar da jini.

"Inna."

"Mene ne?"

"Na yi waya da maigidana. Mudathir zai zo gobe da safe."

Hannun Hindu ya tsaya. "Da izinin wa? Ko rabin arba'in ba ki yi ba! Wa zai dafa miki ruwa a can, telan? Kin san abin da ya kashe Halima?"

"Na sani, Inna. In suka zo suka raba ni da shi fa?" Ta nuna ɗaki da haɓa, inda jaririn yake barci. "In kuma Malam ya cika? Ni zan koma Kano ko yau ko gobe. Ke da Baba kuwa a garin nan za ku tsufa. Yau Baba shi kaɗai ya yi shuka, babu wanda ya yarda ya kama masa."

"Ba ruwanki da wannan. Ni na haife ki ko ke kika haife ni?"

"Ki yi haƙuri, Inna."

Hindu ta yi faɗa, ta yi rantsuwa, ta juya kan Sama'ila ta ce ya sa baki. Shi kuwa ya dubi ƙasa ya ce yarinyar ta fi su gaskiya. A nan ne Hindu ta haƙura. Ta tsoma ganyen ta ci gaba da wankan a hankali, tana bin kowace gaɓa, har ruwan ya huce a duro.

"To na gobe da safe dai sai kin yi shi," ta ce. "Ba za ki hau babur da ɗanyen jiki ba."

Tun da duku-duku ta sauka fadama. Ta cika duro, ta zuba sabon ganye, ta durƙusa hura wuta. Amma ruwan da aka yi ya jiƙa itacen har ciki, sai hayaƙi yake yi yana ci mata ido, wutar ta kama ta mutu, ta kama ta mutu. Ruwan bai ko yi ɗumi ba ta ji ƙarar babur a bayan gida.

"Gwaggo, sai dai mu tafi yanzu," in ji Mudathir, ko sauka bai yi ba. "Hadari yana haɗowa ta gabas. In rafin bayan Makarfi ya kawo, ba mu ba tsallakawa, ga 'yan sintiri suna fitowa in rana ta ɗaga."

"Ka jira ya tafasa."

"Wallahi ba zai yiwu ba, Gwaggo."

Mukarrama ta fito da goyo, ta yafa babban mayafi. Hindu ta shiga ɗaki da sauri, ta ƙulla kanwa da yajin jego da ɗanyen ganye a ɗankwali, ta cusa mata a jaka, tana ta faɗa ba tare da ta dube ta ba: kada ta sha ruwan sanyi, kada ta taka ƙasa babu takalmi, ko a tukunyar miya ce ta dafa ruwa ta gasa cikinta. Mukarrama ta durƙusa da goyon ta ce, "Inna, ki yafe mini." Hindu ta ce, "Tashi, kada ki danne shi." Iyakar abin da ta iya faɗa ke nan.

Wannan karon ba a ɓoye aka tafi ba. Mai unguwa ya ce a fita ta gaba kowa ya shaida. Mutane suka tsaya a ƙofofinsu, maza da mata, hannu a hanci, suna kallon yarinyar da aka haifa a gabansu tana wucewa a bayan babur da jariri ɗan kwanaki. Babu wanda ya ce Allah ya kiyaye hanya. Babur ɗin ya karya ta wajen gonaki, rake ya rufe su.

Hindu ta koma tsakar gida ta zauna a kan turmin. Ashe itacen ya sha hayaƙi ya bushe, wuta ta kama sosai ba tare da kowa ya hura ta ba. Tana zaune duron ya soma ƙara, ganye ya soma juyawa, ƙamshin dogon yaro ya cika gidan. Ruwa ya tafasa, irin tafasar da take so.

Daga can ta jiyo ƙarar sarƙa da fallen kwano, sannan hayaniyar mata da guga. Jim kaɗan aka yi sallama a ƙofar zaure. Muryar Jamila ce, a sanyaye, daga ɗan nesa.

"Hindu, kina ciki? Jikin Malam da sauƙi, ya samu barci, har ya nemi kunu. Ashe dai asmar ce." Ta ɗan ƙara ɗaga murya. "An buɗe rijiya. Na ce bari na gaya miki, ki zo ki ɗiba."

Hindu ta taso ta zo bakin zaure. Jamila tana tsaye a tsakiyar hanya da makulli a hannu, har yanzu gefen mayafinta yana kan hanci. Suka dubi juna.

"Na ɗiba na yi wa wa?" in ji Hindu. "Mukarrama ta tafi."

Jamila ta saki mayafin. Ita ta yanke wa yarinyar cibiya, a gabanta ta girma har aka kai ta ɗaki, amma ba ta taɓa jin sunan nan a bakin uwarta ba sai yau.

Hindu ta juya ciki. Ta ɗauki ƙwarya ta riƙa kamfatar ruwan wankan tana sheƙa wa wutar, har ta mutu murus. Farin hayaƙi ya tashi ya wuce saman katanga, duk ƙauyen suka gan shi, babu wanda ya tambayi ko na mene ne.